Ƙabila da addini a siyasarmu: a jini abin yake, ko koya mana aka yi?

Wani ɗalibi ya aiko min da tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam, kakana yana cewa a zamaninsu a Jos da Kaduna tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti suna tsallaka katanga, ba wanda ke tambayar daga gidan wa suka fito. Mu kuwa mun tashi mun tarar kowa da unguwarsa, in zaɓe ya zo ba a tambayar me ɗan takara zai yi, sai a ina yake ibada, wane yare yake ji. Shin ƙiyayyar nan a jininmu take, ko 'yan siyasa ne suka cusa mana? In su ne, me ya sa kullum muke yarda?"

Ƙanena, na shafe shekaru ina koyar da kimiyyar siyasa, na kuma zauna a tarurrukan sulhu da dama bayan an kwashe gawawwaki, don haka wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wurina. Ba a jini abin yake ba. Amma in ka ce 'yan siyasa ne kawai, ka faɗi rabin magana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar da nake so ka kalla ita ce wannan: mun gina ƙasa wadda rabon mutum a cikinta yake bin asalin kakansa, ba wurin da yake zaune yana biyan haraji ba.

Mu fara sallamar masu cewa jini ne. Mutanen Ife da na Modakeke a jihar Osun duk Yarabawa ne, yare ɗaya, garuruwansu a manne, amma a 1997 suka kashe juna a kan inda za a ajiye hedikwatar ƙaramar hukuma. Aguleri da Umuleri a jihar Anambra duk Ibo ne, Kiristoci ne, sun gwabza a 1995 da 1999 a kan fili. A 2011 gwamnatin jihar Abia ta sallami ma'aikatanta da ba 'yan asalin jihar ba, kuma mafi yawan waɗanda abin ya shafa Ibo ne 'yan'uwansu daga jihohin maƙwabta. Ina bambancin addini a nan? Ina na yare? Abin da ya haɗa su duka shi ne akwai abin rabo, kuma an ce asali ne mabuɗinsa.

Akwai wani bincike da nake yawan ba ɗalibaina labarinsa. Wani masani Ba'amurke, Daniel Posner, ya je kan iyakar Zambiya da Malawi, inda layin da Turawa suka ja ya ratsa ƙasar ƙabilu biyu, Chewa da Tumbuka. Ya yi tambayoyi a ƙauyuka na ɓangarorin biyu, ya wallafa sakamakon a 2004. A Malawi ƙabilun nan suna kallon juna a matsayin abokan hamayya, da yawa ba sa son auren juna, ba sa son zaɓen ɗan ɗayar ƙabilar. Ka tsallaka 'yan kilomitoci ka shiga Zambiya, sai ka tarar su ɗin dai suna ɗaukar kansu 'yan'uwa. Al'adun ba su canza ba. Abin da ya canza lissafi ne. A Malawi kowacce tana da yawan da ɗan siyasa zai iya kafa tafiyarsa a kai, a Zambiya kuwa duk ƙanana ne, sai an haɗa su a matsayin mutanen gabas kafin ƙuri'arsu ta yi nauyi. Kowane mutum yana da sunaye da yawa: Bahaushe ne, Musulmi ne, Bakano ne, ɗan Arewa ne, manomi ne, talaka ne. Wanda za a kira shi da shi ranar zaɓe ya dogara da wane suna ne zai tara jama'ar da ta isa cin kujera.

Yanzu mu dawo gida, ga takardar da kowa ya sani, ta shaidar zama ɗan asalin wuri, wadda a baki ake ce mata indijin. Tsarin mulkin 1979 ne ya shigo da ƙa'idar raba daidai, na 1999 ya gaje ta a sashe na 14, sashe na 147 kuma ya ce a naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, kuma ya zama ɗan asalinta. A 1996 aka kafa hukuma ta musamman don sa ido a kan rabon. Niyyar ba mugu ba ce. Ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa tana tsoron kada wani yanki ya kwashe komai. Kuma mu faɗi gaskiya, mu 'yan Arewa muna cikin waɗanda suka fi neman wannan kariya, tun daga manufar Sardauna ta cike gurabun aikin gwamnatin Arewa da 'yan Arewa a shekarun 1950, domin an riga mu shiga makarantar boko da nisa. Matsalar ita ce tsarin mulkin bai fayyace wane ne ɗan asali ba ta yadda za a iya aunawa. Ya bar abin a hannun shugaban ƙaramar hukuma da masu unguwanni. Sashe na 42 ya haramta nuna wariya saboda asali, amma takardar da ke bayan fom ɗin shiga soja da na jami'a da na tallafin karatu ita ce mai magana.

Na taɓa samun ɗalibi, yaro mai natsuwa, ya shigo ofishina da fayil a hannu yana neman shawara. A garin da ya taso aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa, kakansa ne ya zo aikin haƙar ma'adinai tun zamanin Turawa, kabarinsa ma yana nan. Ya je sakatariyar ƙaramar hukumarsu neman takardar, ma'aikacin ya duba sunan, ya tura masa fom ɗin baya da ɗan yatsa, ya ce ya je garinsu. Ya shiga mota ya yi tafiyar kusan yini zuwa ƙauyen da ya taɓa jin sunansa a bakin kakarsa. Can kuma dagaci ya dube shi ya ce, "Ɗan gidan wa?" Sai da aka nemo wani tsoho makaho da ya tuna da kakan, sannan aka sa hannu. Da ya gama ba ni labari ya ce, "Malam, ashe ni ba ɗan ko'ina ba ne." Ka yi tunanin irin wannan yaro ranar da wani ya hau mumbari ko dandalin kamfe ya ce masa, waɗancan ne suka hana ka. Ba ya buƙatar dogon bayani, domin ɗan yatsan nan yana nan a idonsa.

Kada kuma ka ɗauka mu kaɗai ake yi wa. Yaron Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano, yana jin Hausa fiye da yaren iyayensa, in ya je neman takardar nan me ake ce masa? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Jos da kakanka ya ambata ita ce wurin da za ka ga abin dalla-dalla. Garin ya bunƙasa ne da haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, ya tara Hausawa da Fulani da Barebari da Nupawa da Yarabawa da Ibo a kan ƙasar da Berom da Afizere da Anaguta ke cewa tasu ce. An yi shekaru ana zaune. A 1991 gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiri ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, sai ga shi an zana iyaka inda Hausawan Jos, waɗanda ke kiran kansu Jasawa, suke da yawan da za su iya cin zaɓe. Daga ranar tambayar "garin wa?" ta tashi daga hirar majalisa ta koma tambayar wa zai riƙe hatimin da ake buga wa takardar indijin. A Afrilun 1994 aka naɗa Alhaji Aminu Mato kantoman ƙaramar hukumar, aka yi tarzoma. A 2001 aka naɗa Alhaji Mukhtar Muhammad jami'in shirin yaƙi da talauci na yankin, gari ya ɗauki zafi na makonni, sannan ranar Juma'a 7 ga Satumba saɓani a kan wata mata da ta nemi wucewa ta titin da aka tare don sallah ya zama ashana. Cikin ƙasa da mako guda aka rasa rayuka kusan 1,000. A Mayun 2004, bayan kisan Yelwan Shendam, Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye. A Nuwamban 2008 kuma zaɓen shugaban ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ɗin nan ne ya ci ɗaruruwan mutane. Dubi jerin da kyau: kantoma, jami'in rabon tallafi, ciyaman. Masallatai da coci-coci ne suka ƙone, amma kujera ce a gindin kowace wuta.

Ba adalci ba ne in tsaya nan ban faɗa maka abin da ɗaya ɓangaren ke ji ba, domin na zauna da dattawansu na saurara. Tsoronsu ba ƙirƙira ba ne. Ƙananan ƙabilun yankin tsakiya suna ɗauke da tarihin harin bayi, da na zamanin En'e lokacin da Turawa suka ɗora hakiman masarautu a kan al'ummomin da ba Musulmi ba. Irin wannan koke ne ya sa Turawa suka kafa hukumar Willink a 1957 don bincikar tsoron ƙananan ƙabilu, shi ne kuma ya raya jam'iyyar UMBC ta Joseph Tarka. Dattijon Berom zai ce maka, Bahaushe in an kore shi yana da Kano da Katsina da Sakkwato, ni in na rasa nan ina zan je? Bajase kuma zai ce, ni ban san Kano ba, nan ne kabarin kakana. Dukansu gaskiya suke faɗi, kuma dokar ƙasa ta tsara abin ta yadda gaskiyar ɗaya sai ta ci ta ɗayan. Haka Zangon Kataf ta kasance a 1992: maganar sauya wa kasuwa matsuguni ce a sama, a ƙasa kuwa tsohon ƙorafin ƙabilar Atyap ne a kan mulkin masarautar Zazzau.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da ke biyo bayan rikici, domin shi ne gadon da ku kuka tarar. Bayan rikicin shari'a na Fabrairun 2000 da na gasar sarauniyar kyau ta duniya a Nuwamban 2002, mutanen Kaduna suka yi ta sayar da gidaje da musayarsu, Musulmi suna hawowa arewacin kogi, su Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kirista suna gangarawa kudu, su Sabon Tasha da Narayi da Television. Na taɓa raka wani ɗan'uwa neman hayar gida a garin. Dillalin bai tambayi ɗaki nawa muke so ba, bai tambayi kuɗin da ke hannunmu ba. Sunan mai shiga ya fara tambaya, da ya ji sai ya ninke rabin takardar da ke hannunsa ya ce, "Waɗannan ba naku ba ne, Alhaji, in wani abu ya tashi da dare fa?" Ba mugunta yake yi ba, sana'arsa ce ta koya masa. To yaron da ya tashi a unguwar da kowa irinsa ne, makarantarsa haka, filin ƙwallonsa haka, ranar da aka ce masa "sun ce za su gama da mu," wa zai tuna a ransa ya ce a'a, ai maman wane ba za ta yi haka ba? Kakanka yana da fuskar da zai tuna. Kai an raba ka da ita tun kafin a haife ka.

A nan waya ta shigo. Ban yarda da masu ɗora wa Facebook da TikTok laifin komai ba, domin an yi rikicin Kafancan a 1987 babu ko ɗaya daga cikinsu. Amma sun samu busasshiyar ciyawa. A Yunin 2018, lokacin kashe-kashen Barikin Ladi, an yi ta yaɗa hotuna masu tayar da hankali ana cewa daga can suke, binciken da BBC ta yi daga baya ya gano wani daga cikinsu tsohon hoto ne daga ƙasar Kongo. Kafin gaskiyar ta fito an riga an tare hanya an kashe matafiya da ba su ji ba ba su gani ba.

Ka tambayi ko da can haka siyasar take. Ba haka take ba kullum. A Kanon shekarun 1950 layin da ya raba mutane shi ne talakawa da sarakuna. Ɗan NEPU, jam'iyyar talakawa, da ɗan NPC, jam'iyyar da sarakuna ke mara wa baya, sahu ɗaya suke bi a masallaci, amma an ɗaure mutane, an yi musu bulala, an raba aure a kan wannan bambanci. A 1979 PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano da Abubakar Rimi, ta ci Kaduna da Balarabe Musa, kuma ƙuri'un kudancin Kaduna suna cikin abin da ya ɗora shi. A 1993 Abiola da Kingibe, Musulmi biyu, suka samu ƙuri'un Kirista a faɗin ƙasa, Abiola Bayarabe kuma ya kayar da Bashir Tofa a jiharsa ta Kano. Shekara 30 bayan haka irin wannan tikiti na Tinubu da Shettima ya zama abin da ake huɗuba a kansa Juma'a da Lahadi. Lafiyar siyasa tana samuwa ne idan layukan sun giciye juna, wato abokin hamayyarka a jam'iyya ya zama ɗan'uwanka a masallaci, wanda kuka saɓa a addini ya zama abokinka a ƙungiyar ƙwadago ko ta 'yan kasuwa. Ciwon yana farawa idan layukan suka hau kan juna, addini da ƙabila da unguwa da jam'iyya suka zama abu guda. A lokacin faɗuwa zaɓe ba ta zama rashin kujera ba, sai ta zama kamar an ci mutanenka da yaƙi.

Sai dai ka lura da wani abu a zaɓen 2023. Tinubu ya samu ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku miliyan 6.98, Peter Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan 1.5. Masu rajista sun haura miliyan 93, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Duk ihun da aka yi da sunan Allah da sunan ƙabila, mafi yawan mutane suna gida ko suna layin banki neman sabon kuɗi. Masu zafin kai suna da ƙarar murya, ba su da rinjaye.

Akwai kuma faɗan da ake yi a kan alama, wanda Amurkawa suka sa wa suna yaƙin al'adu, su da suke nasu a kan zubar da ciki da mallakar bindiga da auren jinsi. Namu ya fi fitowa a kan hijabi da shari'a da abin da za a koyar a makaranta. Ba na cikin masu cewa waɗannan ba su da muhimmanci. Firdausa Amasa, wadda aka hana rantsarwa a matsayin lauya a Disambar 2017 saboda hijabinta, haƙƙinta take nema, kuma ta samu a 2018. Kotun Ƙoli ma a Yunin 2022 ta tabbatar wa ɗalibai mata na makarantun gwamnatin Legas wannan haƙƙi. Amma ka gane dalilin da ya sa ɗan siyasa ya fi son irin wannan fage. Kuɗi ana iya raba shi biyu, hanya ana iya cewa bana taku baɗi tamu, alama kuwa ba ta rabuwa, ko an sa ko ba a sa ba. Kuma ba ta cin kasafi. Gwamnan da ya kasa biyan malamai albashi yana iya zama gwarzon addini da jawabi ɗaya. A Ilori a 2021 an rufe makarantu 10 a kan rigimar hijabi, an yi jifa a bakin ƙofa, ban ji an taru haka a kan rufin aji da ke zuba ba, alhali 'ya'yan ɓangarorin biyu ne ruwan ke jiƙawa.

Me ya sa kullum muke yarda? Ba don mu wawaye ba ne. Mutumin da ya san in matarsa ta kwanta asibiti sai ya nemo wanda ya san wani, in ɗansa ya gama karatu sai da takardar wani babba, ya koyi cewa ɗan'uwa a ofis shi ne inshorarsa. "Namu ya samu" lissafi ne na mai neman tsira, ko da kuwa sau tara cikin goma namun ba ya ɗaga waya. Ga kuma tsoro, wanda ya fi kwaɗayi ƙarfi. Ba sai na ƙi maƙwabcina zan zaɓi mai zafin kai ba, ya isa in yi zaton su can sun zaɓi nasu.

In kana son shaidar cewa layin yana tafiya ne ba a tsaye yake ba, duba abin da ke faruwa a gidanmu yanzu. Shekara da shekaru ana kiranmu Hausa-Fulani, mun cakuɗe ta aure har da yawanmu ba za su iya rarrabe jinin da ke jikinsu ba. Da ta'addancin daji ya addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato, 'yan bindiga suna kashe manoma, 'yan sa-kai suna kashe Bafulatanin da suka tarar a kasuwa ko da bai san komai ba, sai ga matasa a intanet suna tono jihadin Shehu Ɗanfodiyo na 1804 suna rarraba sarakuna da gwamnoni, wannan Bahaushe wancan Bafulatani. Zafin da ke bayan maganar na gaske ne, wanda aka kashe wa uba a gona ba a ce masa ya yi shiru. Amma ina jin tsoron ranar da wani zai lissafa ya ga akwai ƙuri'a a ciki, domin na ga abin da ya biyo bayan irin wannan lissafi a Jos. Mu da muke da wasan Fulani da Barebari, da na Gobirawa da Yarabawa, da na Kanawa da Zage-zagi, wasan da maƙwabtanmu na Nijar suka riƙe da daraja har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014.

Inda aka taɓa gindin matsalar an ga sauƙi. Bai wa Atyap masarautarsu a tsakiyar shekarun 1990, da ƙarin masarautun da Gwamna Ahmed Makarfi ya yi a kudancin Kaduna, sun cire wata ƙaya da ta daɗe tana suka. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka yaƙi juna a 1992 har Wuye ya rasa hannu, sun kafa cibiyar sulhu a Kaduna sun yi shekaru suna shiga inda hukuma ba ta iya shiga. Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa a 2018, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. Amma mutanen kirki ba za su iya ta kwashe ruwa ba alhali famfon yana buɗe. Ra'ayina, wanda na san ba kowa zai so shi ba, shi ne a mayar da haƙƙin aiki da karatu da takara kan zama da biyan haraji, a bar sarautar gargajiya da filayen gado a hannun al'ummomin da suka gaje su, domin a kwantar da tsoron dattijon Berom ba tare da an kori Bajase ba. Kuma duk abin da muka nema wa namu a Jos sai mun yarda da shi ga ɗan Sabon Gari a Kano. A 2025 mataimakin kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudirin da zai ba wanda ya shekara 10 a jiha matsayin ɗan asali. Suka ta taso masa daga ɓangarori da yawa, kowa yana hango baƙin da ke jiharsa, ya janye shi.

Ɗalibin nan nawa ya samu aikin da ya nema da takardar ƙauyen da ya taɓa gani sau ɗaya. Yana zaune har yau a garin da aka haife shi, ya yi aure a can. Kwanakin baya ya kira ni ya ce an yi masa haihuwa, mace, ya kuma ce tsohon makahon nan ya rasu, yana tunanin wa zai shaide ta a wurin dagaci in lokacin ya zo.